Magani a Jinin Kifi: Abin da Aka Gano a Gaɓar Tekun Kudancin Filorida

A watan Fabrairun 2022 ne masu bincike daga Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Filorida da ke Miyami a Amurka, tare da ƙungiyar Bonefish & Tarpon Trust mai kula da kifayen gaɓar teku, suka bayyana sakamakon aikin da suka shafe shekara 3 suna yi. Sun kama kifaye 93 na jinsi guda da ake kira bonfish, tun daga mashigin ruwan Biscayne da ke gindin birnin Miyami har zuwa yankin tsibirin Key West, tazarar kusan kilomita 300, suka ɗebi jininsu suka aika aka auna. Ba a samu ko guda ɗaya da jininsa ya fita tas ba. An nemi magunguna iri 104 daga cikin waɗanda likitoci suka fi rubuta wa mutane, aka samu iri 58. A matsakaici kowane kifi yana ɗauke da magani iri 7, akwai kuma wanda aka samu iri 17 a jikinsa shi kaɗai. Cikinsu akwai na hawan jini, da na ciwon damuwa, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na rage raɗaɗi, da wanda ake bai wa tsofaffin maza masu wahalar fitsari.

Farfesa Jennifer Rehage ce ta jagoranci aikin, ɗalibinta Nicholas Castillo kuma shi ya ɗauki nauyin mafi yawan zirga-zirgar kan ruwa a matsayin aikin digirinsa na uku. Jaridu sun ɗauki labarin da zafinsa, wasu da kanun da ke nuna kamar kifayen Filorida sun zama mashaya. Wannan ya jawo hankali, amma ya rufe abin da ya fi muhimmanci a lamarin. Tsohon zato shi ne teku yana da faɗi, duk abin da aka zuba masa zai narkar da shi ya ɓace, kuma a kan wannan zaton aka gina yawancin hanyoyin zubar da ruwan najasa a biranen bakin teku. Jinin waɗannan kifaye ya nuna zaton yana da ɓaraka, ko da a ruwan da idan ka leƙa kana ganin yashin ƙasansa garau.

Kifin da aka zaɓa da dalilin zaɓensa

Sunansa a wurin masana Albula vulpes, mutanen yankin kuma suna kiransa bonfish, wato mai yawan ƙaya, kuma saboda ƙayar ce ba a cika cin sa a Amurka ba. Launinsa na azurfa ne, yana kiwo a filayen teku marasa zurfi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, tsakanin ciyawar teku da yashi da saiwoyin itatuwan bakin ruwa. Idan teku ya ciko sai ya biyo ruwan ya hau filin, ya kafa kai ƙasa yana tonon ƙaguwa da jatan lande da tsutsotsi, har wani lokaci jelarsa ta fito saman ruwa tana ƙyalli. Wannan jelar ce masu kamun kifi na nishaɗi ke nema. Jagora yana tsaye a bayan ƙaramin jirgi, ya kashe inji, yana tura jirgin da doguwar gora a hankali, domin ƙarar abu kaɗan ko inuwar mutum ta isa ta sa kifin ya ɓace kamar walƙiya. Wannan tsananin tsoro shi ne jarinsa, domin a ruwa marar zurfi ba shi da maɓoya, kifin shak da barakuda kuma suna nan suna dako. Ya kamata a riƙe wannan batu na tsoro, domin shi ne zai dawo idan an zo maganar abin da magani ke yi wa kifi.

Mutane suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don su kama shi, su ɗauki hoto, su sake shi. Wani ƙiyasi na 2013 ya nuna cewa kamun kifi a waɗannan filaye yana kawo wa tsibiran Keys, wato jerin tsibiran da ke ƙarshen kudancin Filorida, kimanin dala miliyan 465 a shekara, kuma dokar Filorida ta hana tafiya da bonfish gida, kamawa da saki kawai aka yarda. Duk da haka yawansa ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1980, tsofaffin jagorori ne ma suka fara kuka tun kafin masana su tabbatar da lissafi. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai a nan dalilan sun yi yawa har sun sarƙe: an karkatar da ruwan daɗin da ke gangarowa daga fadamar Everglades, ciyawar teku ta mutu da yawa a mashigin Filorida a 1987 da kuma 2015, sannan matsanancin sanyin Janairun 2010 ya kashe kifaye masu yawa. Neman sauran dalilan ne ya kai masu binciken ga tambayar ko akwai wani abu a cikin ruwan kansa da ido ba ya gani.

Bonfish ya dace da wannan tambaya ta fuska biyu. Ta farko, kifi ne mai riƙe gida, yana komawa filaye ɗaya kullum in ban da lokacin zuba ƙwai, saboda haka abin da aka gani a jininsa yana ba da labarin wurin da aka kama shi. Ta biyu, a cikin laka yake cin abinci, laka kuwa ita ce ma'ajiyar abubuwa da yawa da ke sauka daga ruwa.

Yadda aka yi awon

Aikin kansa na haƙuri ne. Sai an kama kifin da fatsa kamar yadda kowa ke yi, a jawo shi da sauri don kada ya galabaita, a riƙe shi cikin ruwa a kife, a soka allura kusa da jela inda jijiyar jini ke bin ƙarƙashin ƙashin baya, a zuƙi abin da bai kai cokalin shayi ba. Daga nan a bar shi ya huta a sake shi. Jinin ana adana shi cikin sanyi, a juya shi a na'ura har ƙwayoyin su kwanta ruwan jinin ya taso sama, a daskarar da wannan ruwan. An aika samfuran zuwa Jami'ar Umeå da ke arewacin Suwidin, inda masanin sinadarai Jerker Fick yake da ɗakin gwajin da ya daɗe yana wannan aiki, da na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna nauyin kowanne, har ta iya gane abu ko da bai wuce ɗigo ba cikin ruwa mai ɗimbin yawa.

Yana da kyau a fahimci ƙanƙantar abin da ake magana a kai. A ruwan gaɓar teku ana auna magani ne da nanogiram a kowace lita. Nanogiram ɗaya a lita daidai yake da a narkar da giram ɗaya na gari cikin lita biliyan ɗaya, wato ruwan da zai cika manyan tafkunan gasar ninkaya 400. Wanda ya ji wannan zai iya cewa to mene ne abin tayar da hankali, kuma tambayarsa tana kan hanya. Amsar tana cikin dalilin da ya sa aka auna jini maimakon a tsaya ga ruwa. Kifi yana shaƙar ruwa ta sassan numfashin da ke gefen kansa dare da rana, fatar wurin kuma siririya ce domin iska ta ratsa, wasu sinadarai sai su bi ta nan su shiga jini su taru fiye da yadda suke a waje. Ga kuma hanyar abinci. Masu binciken sun auna ƙananan halittu 125 da bonfish ke ci, ƙaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye, suka samu matsakaicin magani iri 11 a kowace, wato fiye da abin da ke jikin mai cin su.

Da aka samu adadin, sai aka kwatanta shi da ma'aunin da aka riga aka sani, wato yawan da kowane magani ke kaiwa a jinin ɗan Adam kafin ya fara aiki. Dabarar ta samo asali ne daga kusancin jikin kifi da na mutum. Magani yana aiki ne ta hanyar kama wani wuri na musamman a cikin jiki, kamar makulli da kwaɗo, kuma wani nazari na 2008 ya gano cewa kashi 86 cikin 100 na waɗannan wurare da ke jikin mutum akwai makamantansu a jikin wani ƙaramin kifin da ake yawan gwaji da shi. Maganin da ke rage bugun zuciyar mutum zai tarar da zuciya a jikin kifi, wanda ke taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa kuma zai tarar da irin waɗannan sinadarai. Bisa wannan ma'auni, masu binciken suka ce kashi 56 cikin 100 na kifayen suna ɗauke da aƙalla magani ɗaya da ya kai matakin da ake tsammanin zai yi tasiri a jikinsu.

Daga jikin mutum zuwa filin teku

Mutane da yawa idan suka ji wannan labari sai hankalinsu ya tafi ga wanda ya juye ragowar ƙwayoyi a bayan gida, ko wata masana'anta da ke zubar da dagwalo a ɓoye. Ana samun hakan, amma babbar hanyar ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi wuyar toshewa. Marar lafiya ne ya sha maganinsa kamar yadda likita ya ce, jikinsa ya yi amfani da wani kaso, sauran ya fita ta fitsari da bayan gida. Atenolol, maganin hawan jini wanda yana cikin waɗanda aka fi samu a jinin bonfish, misali ne mai kyau: kusan rabinsa hanji ba ya tsotsa sam, rabin da ya shiga jini kuma ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa ba tare da ya sauya kama ba. A ƙasar da ake rubuta takardun magani fiye da biliyan 4 a shekara, a jihar da tsofaffi suka yi wa tsinke domin hutun ƙarshen aiki, wannan kwarara ba ta yankewa ko da na sa'a ɗaya.

Matatun ruwan najasa kuwa ba don wannan aka gina su ba. Aikinsu shi ne su cire tarkace, su bar ƙananan halittu su cinye ƙazantar da ke ruɓewa, su kashe ƙwayoyin cuta, su saki ruwan. Wasu magunguna suna ruɓewa a wannan hanya, wasu kuma suna ratsawa kamar ba a yi komai ba, domin tun asali an ƙera su ne su jure ruwan ciki da aikin hanta. Maganin farfaɗiya da ake kira kabamazefin ya yi suna a nan, sau da yawa abin da matata ke cirewa daga cikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ko maganin da rana da ƙananan halittu ke lalatawa cikin 'yan kwanaki, idan kullum ana ƙara sabo, a wurin kifi daidai yake da wanda ba ya lalacewa.

Yanayin ƙasar kudancin Filorida ya ƙara wa lamarin nauyi, kuma a nan ne nake ganin zuciyar matsalar take. Yankin gaba ɗaya yana zaune ne a kan dutsen farar ƙasa mai huji-huji kamar soso, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama, yana kuma haɗe da teku, yana hawa da sauka tare da cikowa da janyewarsa. A gundumar Miami-Dade akwai gidaje da wuraren kasuwanci kimanin 120,000 da ba a haɗa su da bututun gari ba, ramin shadda suke amfani da shi. Irin wannan rami yana dogara ne ga busasshiyar ƙasa da ke ƙarƙashinsa ta tace abin da ya tsiyaye. Rahoton gundumar na 2018 ya nuna cewa kashi 56 cikin 100 na waɗannan ramuka suna samun tangarɗa a wasu lokutan shekara saboda ruwan ƙasa ya taso ya cim musu, kuma adadin zai haura 60 nan da 2040 yayin da teku ke ƙara hawa. Tun a shekarun 1990 wasu masana suka zuba wata alama marar cutarwa a ramin shadda a tsibirin Key Largo don su ga inda za ta ɓulla, kafin a yi kwana guda sai ga ta a mashigar jiragen ruwa da ke kusa. Tazarar da ke tsakanin bayan gidan mutum da wurin kiwon kifi ke nan.

Manyan matatun ma suna da nasu. Biyu daga cikin uku na Miami-Dade sun daɗe suna tura ruwan da suka tace ta dogayen bututu zuwa cikin teku, 'yan kilomitoci daga gaɓa. A tsibiran Keys an kashe kusan dala biliyan ɗaya wajen raba gidaje da ramukan shadda a haɗa su da matatu, aiki ne babba da ya cancanci yabo, ya kuma rage ƙwayoyin cuta da takin da ke haddasa gansakuka. Amma wasu daga cikin waɗannan matatu sun riƙa zuba ruwansu a rijiyoyi marasa zurfi, kimanin mita 30, cikin wancan dutse mai huji-huji, lamarin da ya kai mazauna yankin da ƙungiyoyi ga kotu suna neman a haƙa masu zurfi.

Me maganin ke yi wa kifin?

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Binciken Filorida ya tabbatar da cewa magani yana cikin jinin, ya kuma nuna cewa a kifaye da yawa ya kai matakin da ya isa a damu. Bai bi kifin ya ga ko ya rage gudu, ko ya kasa zuba ƙwai, ko shak ya fi saurin kama shi ba, kuma masu binciken ba su yi iƙirarin cewa magani ne ya rage yawan bonfish ba. Dalilin damuwar yana fitowa ne daga gwaje-gwajen da aka yi a wasu wurare kan wasu halittu.

Wanda ya fi dacewa da wannan lamari shi ne na Tomas Brodin da abokan aikinsa a Suwidin, wanda aka buga a 2013, kuma Brodin yana cikin waɗanda suka haɗa hannu a aikin Filorida. Sun fara da gano cewa wani kifin ruwan daɗi da ke kogin Fyris, ƙasa da matatar birnin Uppsala, yana ɗauke da oksazefam, maganin kwantar da hankali, a tsokarsa ninki shida na abin da ke cikin ruwan. Sai suka ɗauki 'ya'yan wannan kifi suka sa su mako guda a ruwa mai ɗan kaɗan na maganin. Kifayen ba su mutu ba, ba su ma nuna alamar ciwo ba. Halinsu ne ya sauya: suka ƙara yawan motsi, suka rage damuwa da zama cikin garke, suka riƙa cin abinci da sauri, waɗanda aka ƙara wa yawan maganin kuma suka riƙa kutsawa wuraren da a da ba sa kusanta. Irin gwajin guba da aka saba yi, wanda ke ƙirga nawa suka mutu, da sai ya ce wannan ruwa ba shi da aibi.

A gaɓar tekun Ingila ma an ga irin haka. A 2010 masu bincike a Jami'ar Portsmouth suka sa wata 'yar ƙaramar halitta mai kama da jatan lande, wadda ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu da ciyawar teku, a ruwa mai fuloksetin, maganin ciwon damuwa. Halittar da ɗabi'arta gudun haske ce sai ta koma tana nufar haske har ninki biyar fiye da 'yan uwanta, a teku kuwa haske yana nufin bakin kifi da na tsuntsu. A 2025 kuma aka buga wani gwaji da aka yi a cikin kogin Dal na Suwidin kansa, inda aka dasa wa 'ya'yan kifin salmon ƙwayar da ke sakin kulobazam, wani maganin kwantar da hankali, kaɗan-kaɗan, aka bi sawunsu har tekun Baltik. Waɗanda ke ɗauke da maganin sun fi saurin ratsa madatsun ruwa, sun kuma fi yawan isa teku. A ido wannan kamar riba ce, amma ya nuna cewa maganin yana sauya yadda kifi ke auna haɗari a ainihin mazauninsa, kuma ƙarfin halin da ya taimaka a bakin madatsa ba lallai ya taimaka a tsakiyar masu farauta ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi kan cewa ɗan kaɗan yana iya rusa al'ummar kifi gaba ɗaya ta fito ne daga Kanada. Daga 2001 zuwa 2003 Karen Kidd da tawagarta sun riƙa zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar tsarin iyali a wani tafki da aka keɓe don gwaji a arewa maso yammacin Ontario, suna riƙe shi a nanogiram 5 zuwa 6 a lita, wato kamar cokalin shayi ɗaya cikin waɗancan tafkunan ninkaya 400. Mazajen wani ƙaramin kifi suka fara samar da sinadarin ƙwai irin na mata, haihuwa ta tsaya, kafin a ankara jinsin ya kusa ƙarewa a tafkin. Bayan an daina zubawa da wasu shekaru ya farfaɗo, wannan kuma shi ne ɓangaren labarin da ke ƙarfafa gwiwa.

Idan aka dawo da waɗannan kan bonfish, za a ga inda fargabar take. Kifi ne da ransa ke rataye a kan firgita da saurin gudu, ga shi jininsa yana ɗauke da maganin rage bugun zuciya da irin su benlafaksin mai taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa. Zuba ƙwansa ma aiki ne na jama'a mai tsari: daga kaka zuwa bazara, a wasu ranakun wata, dubbai ke barin filayensu su taru a wuri guda kusa da gaɓa, da dare su fita can cikin teku su nutsa, a tsibiran Bahamas an auna sun wuce zurfin mita 130. Duk abin da ya rage wa kifi sha'awar garke ko ya rikita masa lokaci yana iya taɓa wannan tafiya. Ga kuma batun haɗuwa. Likita ba ya bai wa mutum magani bakwai sai ya duba ko wani zai yi karo da wani, kusan dukan gwaje-gwajen da aka ambata kuwa kan magani ɗaya ne ko biyu. Kifin Biscayne yana ɗauke da cakuɗen da babu wanda ya tsara, daga ƙuruciya har mutuwa, a ruwan da zafi da ƙarancin iska suka riga suka takura, kamar yadda aka gani a Agustan 2020 lokacin da dubban kifaye suka taso matattu a arewacin mashigin.

A ganina kuskure biyu ake iya yi a nan, kuma na biyun ya fi haɗari. Na farko shi ne a ɗora wa magani laifin duk abin da ya samu bonfish, alhali mutuwar ciyawa da karkatar da ruwa suna da hujjoji masu tsawon tarihi. Na biyu shi ne a ce tun da ba a nuna gawar kifin da magani ya kashe ba, to babu abin yi. Irin wannan illa ba ta barin gawa. Kifin da ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen gudu yana ƙarewa ne a cikin shak, babu wanda zai ƙirga shi.

Faɗaɗa binciken da abin da ya biyo baya

Tawagar ta so ta san ko abin ya tsaya ga kudu ne, sai ta koma kan wani jan kifi da ake samu a duk gaɓar jihar, wanda shi ana cin sa. A 2023 ta bayyana cewa daga cikin 113 da aka auna a bakin koguna da mashigai 9, guda 7 ne kawai ba a samu komai a jininsu ba. Matsakaicin ya yi ƙasa da na bonfish, kimanin iri 2 a kowane kifi, kashi 26 cikin 100 kuma sun kai matakin damuwa. Filekenayid, maganin daidaita bugun zuciya, da tiramadol su ne aka fi samu. Abin lura shi ne Apalachicola, yankin karkara mai ƙarancin jama'a a arewa maso yamma, ya zo kafaɗa da kafaɗa da mashigin Tampa mai miliyoyin mutane wajen yawan maganin da aka samu a kifayensa. Kogin da ke zuba a wurin yana karɓar ruwan Chattahoochee, wanda ya ratso ta birnin Atlanta ɗaruruwan kilomitoci a sama. Ga mai cin kifin, abin da ke cikin tsoka ya yi nesa ƙwarai da ƙwaya ɗaya ta magani, don haka nauyin damuwar yana kan kifin ne da ke zaune cikin ruwan kullum.

Ta fuskar doka, Amurka ba ta ƙayyade yawan maganin da matata za ta iya saki ba. A 2019 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana asibitoci da kantunan magani juye magunguna masu haɗari a bututun najasa, kuma sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, ana ware ranar karɓar ragowar magani daga hannun jama'a. Matakai ne masu kyau, amma ba su taɓa abin da ke fita daga jikin mai shan magani ba, kuma babu mai hankalin da zai ce mai hawan jini ya daina shan nasa saboda kifi. Filorida ta yi doka a 2008 da ta umarci a daina zuba ruwan najasa ta bututun teku zuwa ƙarshen 2025, ta ƙara wata a 2021 da ke neman a daina sakin sa a koguna da mashigai ba tare da amfani ba zuwa 2032. Hanyar da Miami-Dade ta fi karkata gare ta ita ce tura ruwan cikin rijiyoyi masu zurfin kusan mita 900. Wannan yana nisanta shi daga filayen kifi, sai dai maganin yana nan a cikinsa, an dai sauya masa wurin zama.

Fasahar cire shi kuwa akwai ta, an kuma gwada ta. Ana ƙara wa matata mataki ɗaya a ƙarshe, ko dai a busa wa ruwan iskar ozon ta farfasa sinadaran, ko a bi da shi ta cikin gawayin tacewa ya kama su, ko a haɗa biyun. Suwizalan ta fara aiki da doka a 2016 wadda ta tilasta wa kimanin matatu 100 daga cikin 700 ɗinta su cire kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan sinadarai, ana tara kuɗin ta harajin da bai wuce faranka 9 a kan kowane mutum a shekara ba. Tarayyar Turai ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a Janairun 2025, wadda ta bai wa manyan matatu wa'adin 2045, ta kuma ce kamfanonin magani da na kayan kwalliya su biya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin, tun da daga kayansu mafi yawan sinadaran ke fitowa. Kamfanonin sun ƙalubalanci wannan rabo a kotu.

Ko da Filorida ta ɗauki wannan hanya gobe, gyaran matata zai kama ruwan da ya iso matata ne kawai. Ramukan shadda 120,000 na Miami-Dade ba su bi ta kowace matata, kuma ƙiyasin gundumar ya nuna haɗa gidajen da bututun gari zai ci fiye da dala biliyan 3, aikin da ake yi unguwa-unguwa, ana farawa da waɗanda ruwan ƙasa ya riga ya cim musu a gefen mashigin Biscayne.